Daga lanho zuwa kasafin jiha: wa ke sa hannu a kan kuɗinmu?



Duk wanda ya taɓa shiga ma'aikatar magajin gari ko ofishin gwamna neman takarda, ya ga allon nan da ake manna sanarwa a kai. Yawancinmu wucewa muke yi. Takardu ne da faransanci, cike da lambobi: kuɗin man mota, kuɗin teburan lakkol, kwangilar rijiya, albashin masu shara. Ba su da daɗin karatu, gaskiya ne. Amma in muka waiwayi shekara ɗari da ashirin da suka wuce, za mu tarar irin waɗannan takardu ne suka ɗauke babban birni daga Damagaram, suka tayar da Maraɗi daga inda take, suka kuma sa aka ci gaba da karɓar haraji a ƙofar gidajen da yunwa ke kashe mutane. Tarihinsu za mu bi yau, da tambaya guda a hannu: kuɗin daga aljihunmu yake fita, to wa ke sa hannu a kashe shi?

Kafin zuwan Turawa ma ana biya. Akwai kuɗin ƙasa, akwai jangali, akwai zakka, ga abin da fatake ke bayarwa in ayari ya sauka. Sarki Tanimun na Damagaram da irin wannan dukiya ya gina ganuwar birni ya sa aka ƙera bindigogi. Talaka ba a tambayarsa yadda za a kashe, amma aƙalla inda aka tara nan ake kashewa, idonsa na ganin ganuwar.

Faransawa sun kama Zinder a 1899. Shekara guda bayan haka, ranar 13 ga Afrilun 1900, majalisar Faransa ta yi wata doka da kakanninmu ba su taɓa jin labarinta ba, amma suka ɗauki nauyinta a ka: kowace ƙasar mallaka ita za ta biya kuɗin tafiyar da mulkinta. A 1904 kuma aka kafa babban kasafin Afirka ta Yamma a Dakar, aka ba shi kuɗin kwastan. Kun ga ke nan an bar yanki irin namu, wanda ba shi da teku ba shi da tashar jirgin ruwa, da hanya guda ta samun kuɗi mai kauri, wato kan mutum da kan dabba. Daga nan lanho ya samo ƙarfinsa. Sunan ma daga bakin Bafaranshe muka ɗauko shi muka lanƙwasa.

Ga yadda aikin yake tafiya. Kumandan zai fita rangadi da tafinta da ƴan gardi, a tara gari a ƙarƙashin itace, a ƙidaya kawuna a rubuta. Wannan rajista ita ce ke faɗin abin da gari zai biya. Sarki da mai gari su tara, a ba su ɗan kaso bisa abin da suka kawo, saura ya tafi bariki. Matsalar ita ce ba kowace shekara ake sake ƙidaya ba. Wanda ya mutu, da wanda ya tafi cin rani bai dawo ba, sunansu na nan a takarda, masu rai su biya musu. Da farko an karɓi hatsi, dabbobi da wuri. Daga baya aka ce sai tamma, kuɗin Faransa. Manomin da bai taɓa buƙatar tamma ba dole ya nemo abin da zai sayar ya same ta. Jirgin ƙasa ya iso Kano a 1911, kasuwar gyaɗa ta buɗe, kuma a hankali gonakin Maraɗi, Tasawa, Magarya da Matamai suka cika da gyaɗa. Riba ta ja mutane, ba mu musa ba, amma lanho ne ke tura su ta baya.

To ina kuɗin ke zuwa? Mafi yawa ga tafiyar da mulkin kansa: albashin ma'aikata, ƴan gardi, ginin bariki, waya. Lakkol da likita kaɗan suke samu. In ka duba layin hanyoyi a irin wannan kasafi sai ka ga kuɗin bai taka kara ya karya ba, ka ɗauka ba a yi aiki ba. An yi, sai dai ba da kuɗi ba. Kowane baligi ana bin sa kwanakin aikin tilas a shekara, shi zai sare daji, ya ɗauki ƙasa a ka, ya yi dako. Arahar da takarda ke nunawa, a gadon bayan kakanninmu aka biya ta. Sai ranar 11 ga Afrilun 1946 aka soke aikin tilas, da dokar da ke ɗauke da sunan Houphouët-Boigny.

Mu leƙa ƙetaren iyaka kaɗan, don Maraɗi da Katsina gida ɗaya ne da aka raba. A Katsina, zamanin Sarki Muhammadu Dikko, wani jami'in Ingila mai suna Palmer ya fara abin da aka kira Baitulmali, daga baya tsarin ya bazu a masarautun Arewa. Haraji a raba biyu, rabi ga gwamnati, rabi ya zauna a baitulmalin masarauta, kuma kason masarautun ya ƙaru daga baya. Sarki da hakimai da alƙalai aka yanka musu albashi, ana rubuta kasafi kowace shekara. Da irin wannan ajiya hukumar gargajiya ta Kano ta kawo wa birni ruwan famfo da lantarki a farkon shekarun 1930. Ba aljanna ba ce can ɗin ma, ai zaluncin hukumar gargajiya ne ya haifi NEPU ta su Malam Aminu Kano a 1950. Amma bambancin a fili yake: can wani kaso na zama a gida, nan kuwa sarki mai tarawa ne kawai, alƙalami na hannun kumandan da gwamna. Shi ya sa in lanho ya yi nauyi ko aka zo ɗibar soja, sai a wayi gari ƙauye guda ya kwashe ya tsallaka.

Shawara uku za mu ɗauka daga wancan zamani, mu ga yadda takardar ofis ke juya rayuwar jama'a.

Ta farko a 1926 ce. Zinder ce hedikwatar yankin tun 1911, kuma Nijar ta zama cikakkiyar ƙasar mallaka a 1922. Gwamna Jules Brévié ya mai da hedikwata Yamai. Cikin dalilan da aka bayar har da ƙarancin ruwan sha a Zinder, ga Yamai a bakin kogi, ga kuma Zinder ta yi kusa da Kano ta Ingilishi. A lissafin ofis, ɗauke gwamna ya fi kawo ruwa sauƙi. Ofisoshi suka tafi, albashi ya bi su, kwangiloli suka bi albashi. Damagarawa kuwa aka bar su da tulunansu. An haƙa a Gogo da Machaya, an je Arunguza, an je Ganaram, amma har yau in zafi ya tsananta, ƴan garuwa da jarkoki ne labarin unguwanni. Layin ruwa a kasafin Damagaram ya girmi duk wanda ke karanta wannan rubutu.

Ta biyu a 1931. Mutanenmu ba su gama manta Kakalaba ta 1913 zuwa 1914 ba, sai ga fara da ƙarancin ruwan sama sun cinye amfanin gona a yammacin ƙasa, wajen Yamai, Dosso da Tillaberi. Rahoton yunwa na zuwa daga ƙauyuka, amma lissafin lanho na shekara an riga an rubuta shi, kuma aka nace sai an cika. Mutane suka sayar da ɗan abin da ya rage, dubbai suka mutu, wasu suka gudu Najeriya da Gwalkwas. Da mai bincike ya zo daga Faransa ya ga abin da ya faru, Gwamna Blacher bai daɗe a kujerarsa ba. Darasin da hukuma ta ɗauka shi ne tilasta rumbun tsimi: kowane magidanci ya zuba hatsi a ajiye don ranar wuya, umurnin kuma ya shafi ƙasar Hausa duka. Tunanin ba laifi, ai tsimi al'adarmu ce tun fil azal. Amma hatsin naka ne, izinin buɗewa na kumandan. Mutum na jin yunwa, rumbunsa na kallonsa, sai takarda ta fito daga bariki. Haka ma ƙungiyoyin tanadi da aka kafa, masu ba da rancen irin gyaɗa: shiga dole, kuɗin shiga tare da lanho ake karɓa, shugaban kuma kumandan ne. Ba mamaki da ƴan siyasar farko, bayan 1946, suka sa rumbun tsimi cikin manyan koke-kokensu.

Ta uku a 1945, kuma don adalci muka kawo ta. Tsohuwar Maraɗi a cikin kwarin gulbi take. A daminar wannan shekara ruwa ya ci garin. Hukuma ta yanke shawara ba za a sake gini a nan ba, aka haura tudu, aka ja layuka miƙaƙƙu masu gilma juna, aka raba filaye, tsofaffin unguwanni suka hau da sunayensu. Duk mai yawo yau a Bagalam, Mokoyo, Limanci ko Ƴandaka, a kan zanen wani ma'aikacin ofis yake tafiya. Wannan shawara ta amfane mu, don garin da ya zama cibiyar alhazai ba zai yiwu a cikin kwari ba. Abin lura dai shi ne, mai kyau da marar kyau duk daga sama suka sauko. In an dace da kumandan mai hankali a ci riba, in ba a dace ba a sha wuya.

Bayan yaƙin duniya na biyu ƙofa ta fara buɗewa. A 1946 aka kafa majalisar yanki da ke duba kasafin ƙasa, ƴan ƙasa suka fara zama ana karanta lambobi a gabansu. A 1956 Djibo Bakary ya zama zaɓaɓɓen magajin garin Yamai na farko. Mulkin kai ya zo ranar 3 ga Agustan 1960, a 1964 kuma gwamnatin Diori Hamani ta raba ƙasa manyan yankuna 7: Agadas, Diffa, Dosso, Maraɗi, Yamai, Tawa da Zinder, kowane da perfe, a ƙarƙashinsu gundumomi da superfe. Gunduma ta samu kasafinta na kanta. Sai dai superfe daga Yamai ake naɗo shi, shi ne wakilin gwamnati, shi ne kuma mai sa hannu a fitar da kuɗin gunduma, jam'iyya kuma guda ce. Talaka bai wahalar da bakinsa da sabon suna ba, ya ci gaba da cewa kumandan. Lanho ma na nan, har ya ƙara nauyi, don sabuwar ƙasa na bukatar ma'aikata, gyaɗar da za a biya da ita kuma SONARA ce ke riƙe da cinikinta tun 1962. Da farin 1968 zuwa 1974 ya zo, sai tsohon labari ya dawo: rumbu wayam, mai karɓa a ƙofa.

Sojoji sun karɓi mulki ranar 15 ga Afrilun 1974. Kuɗin yuraniyom ya ba Seyni Kountché damar yin abin da ba a taɓa yi ba tun zuwan Turawa: kafin ƙarshen shekarun 1970 ya soke babban lanho na kai da ke tafiya baitulmalin ƙasa. Dattawanmu har yau suna tuna masa wannan. Abin da ya rage shi ne harajin gunduma, wanda shekaru da dama aka san shi da dala ɗari da arba'in, wato sefa 700 a kan kowane baligi. Amma a gefen sa hannu, baya aka koma. Majalisu suka tafi, kasafin gunduma ya koma hannun kwamitin ma'aikata da sarakuna ƙarƙashin superfe, manyan yankuna kuma hafsoshin soja ke riƙe da su. Tandja Mamadu, wanda ya zama shugaban ƙasa daga baya, ya yi perfen Maraɗi, ya kuma yi na Tawa. A zamanin ne manyan kuɗi suka koma bin wata hanya dabam, ta furoje: babban furojen raya karkara na Maraɗi, furojen 3M na Mirya, Magarya da Matamai, furojen Keita da Italiya ta tallafa tun 1984. Motocinsu sun fi na superfe yawa, kuɗinsu ya ninka na gunduma, amma lissafinsu ga masu ba da kuɗin ake kai shi. An yi ayyuka na gani, musamman a Keita. Tambayarmu ta farko dai tana nan ba amsa.

Taron ƙasa na 1991 ya tayar da zancen mai da mulki kusa da jama'a, yarjejeniyar sulhu da ƴan tawayen arewa ta 24 ga Afrilun 1995 ta ƙara masa ƙarfi. An gwada zaɓen ƙananan hukumomi a Fabrairun 1999, rigima ta biyo bayan sakamakon, kafin a daidaita aka kashe Shugaba Ba'are a watan Afrilu, zancen ya mutu. Sai dokokin 2002 suka mai da manyan yankuna jihohi, suka yanka ƙasa ƙananan hukumomi 265. Ranar 24 ga Yulin 2004 muka zaɓi mashawarta, su kuma suka zaɓi magadan gari. A karo na farko a yawancin ƙauyukanmu, wanda ke sa hannu a kan kuɗin kasuwa da harajin gari mutum ne da muka san gidan ubansa. Majalisun jihohi sai a Janairun 2011 aka zaɓe su, lokacin da Maraɗi, Zinder, Tawa da Yamai suka samu matsayin manyan birane masu da'irori. A 2016 aka sa hannu a miƙa wa jihohi da ƙananan hukumomi wasu ayyuka a fanni huɗu: ilimi, lafiya, ruwa da muhalli.

Mai ɗaki shi ya san inda yake masa yoyo, wannan ce hujjar duka tsarin. Amma sanin yoyo dabam, kuɗin ciyawar rufi dabam. An miƙa ayyuka, kuɗin aikin bai biyo su yadda ya kamata ba. Kuɗin ƙananan hukumomi a baitulmalin ƙasa ake ajiye shi, magajin gari na da kuɗi a takarda, ya je fitarwa a ce ya jira. Doka ta ware kashi 15 cikin ɗari na kuɗin ma'adinai da na man fetur ga yankunan da ake haƙowa, amma zaɓaɓɓun Agadas da Diffa sun sha kukan kason ba ya zuwa kan lokaci. Mu ma da namu laifin. Da yawa cikinmu mun daina biyan harajin gari, muna cewa ba mu ga abin da aka yi da na bara ba, magajin gari kuma na cewa ba ku biya ba da me zan yi. Ɗan abin da ya shigo sai albashi, man mota da kuɗin zaman taro su lashe kaso mai yawa. An kuma tsige magadan gari ba ɗaya ba ba biyu ba a kan sha'anin kuɗi. Duk da haka, azuzuwa, rijiyoyi, rumfunan kasuwa da mayankar dabbobi da aka yi da kuɗin gida a waɗannan shekaru ashirin suna nan, kowa na iya nuna na garinsu.

A watan Afrilun 2024 hukumomin mulkin soja suka rusa majalisun jihohi da na ƙananan hukumomi, aka naɗa kantomomi. Kowa da ra'ayinsa a kan wannan, wasu na cewa zaɓaɓɓun sun gaza, wasu na cewa gyara ya kamata a yi. Ba wannan muhawara muka zo yi ba. Abin da tarihin nan ya nuna mana shi ne, ko kumandan ne, ko superfe, ko magajin gari, ko kantoma, takardar ba ta fasa fita. Kowace shekara akwai kasafi, akwai lissafin ƙarshen shekara, akwai kwangilar da aka bai wa wani. Ɗan tikitin da ake yaga wa mai tumatir a kasuwa, da kuɗin tasha, da kuɗin fili, duk suna da layi a cikinta. Kakanninmu ba su da halin karanta ta, kuma ko sun tambaya gardi ne zai amsa musu. Mu kuwa muna da ƴaƴan da suka yi lakkol, muna da gidajen rediyon gari, muna da waya a hannu.

Saboda haka ga roƙonmu. In kun shiga ma'aikatar magajin gari ko ofishin jiha, ku tsaya gaban allon nan minti biyar. Ku duba abu uku: nawa aka ce za a tara bana, nawa aka tara bara da gaske, nawa ne daga ciki ya tafi ga aikin da ido zai gani. In ba a manna ba, ku tambaya cikin ladabi, kuɗinku ne. Wanda ya iya faransanci ya fassara wa wanda bai iya ba, a fada ko a majalisar shayi. Masu aikin rediyo su gayyato mai riƙe da lissafi ya karanta da Hausa. Wanda kuma ya biya harajinsa ya karɓi rasit ya adana, don da shi bakinsa zai yi ƙarfi ranar tambaya.

Dattawan da suka ga zamanin rumbun tsimi ko suka biya lanho da hannunsu sun fara ƙaranci. Wanda ke da irinsu a gida ya zauna da su ya ji, ya kawo mana abin da suka faɗa game da garinku, mu haɗa da wannan.

Allah ya ba shugabanninmu ikon riƙon amana, mu kuma ya ba mu ikon sa ido. Sai mun sake haɗuwa.